Minti Talatin da Takwas

Ranar Asabar aka ce za a busa jiniyar atisaye da ƙarfe tara na safe, amma kafin takwas da kwata duk mutanen ƙauyenmu sun hallara a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, kowa da jakarsa, kowa ya ɗaure takalminsa. Tomeko, ƙawata tun muna firamare, har dunƙulen shinkafa ta yo wa direban bas. Muka tsaya muna hira muna duba agogo, muna jiran a ce mana mu gudu.

Atisayen saboda tashar nukiliyar da ke tsallaken ruwa ne. Shekara goma sha uku ke nan tana a kashe. Yanzu kamfanin wuta ya ɗaga katangar tare igiyar teku yana neman a bar shi ya kunna, gwamna kuma ya ce ba zai buga hatiminsa ba sai an nuna masa za a iya kwashe mu in wani abu ya faru. Mu kuwa hanyarmu ɗaya ce tal, gidajenmu kuma a jikin dutse suke.

Jajibirin ranar, Nakagomi-san shugaban unguwa ya bi gida-gida yana rusunawa. "A taimaka a fito da wuri, kada mu ɓata wa ma'aikatan jiha lokaci. Kada a ce ƙauyenmu ne ya ba da kunya."

Da ya zo gidanmu sai ya tsaya yana sosa ƙeya, don mijina Genzo shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, daga ƙofarmu zuwa titi kuma matakala sittin da huɗu ce ta dutse. Genzo ne ya fitar da shi daga kunyar. Daga kan gado ya ce, "Haba, don wasa za a wahalar da mutane da ɗaukata? Ku sa wani ya zauna a kujerata."

Haka kuwa aka yi. Aka sauko da kekensa na guragu babu kowa a ciki, sai a ƙasa Heisuke mijin Tomeko ya shiga ya rufe ƙafafunsa da bargo. Mutumin da ke jan raga shi kaɗai! Da aka turo shi bakin bas, sai ya miƙe ya haye da gudu, har ya juyo ya taya su naɗe keken.

"Kai, Hei-chan," na ce masa, "ka warke ke nan? Ba ni sunan likitan."

Aka yi ta dariya. Ma'aikaciyar da jiha ta turo, wata mai suna Ushiroda-san, ta danna agogonta ta rubuta minti talatin da takwas. Ta rusuna ta ce a duk ƙauyukan gaɓar nan babu wanda ya kai mu. Nakagomi-san har ƙwalla ya yi.

Ni fa ba na cikin masu ɗaga kwalin adawa da tashar. Ɗanmu Shingo a tashar yake aiki, kullum yana gyaran injin da bai taɓa jin ƙararsa ba. Tekun nan kuma na ga yadda ya yi ɗumi a idona: ganyen tekun da muke yanka a bazara ya ƙare, kifin kudu da ba mu san sunansa ba ya cika raga. Shingo ya ce tunda aka kashe tashar, kwal da gas ake ƙonawa don wutar da muke sha. Ina so a kunna ta. Amma wannan talatin da takwas ɗin ta tsaya min a rai. Ina wanke-wanke ina tambayar kaina, to shi Genzo na gaske minti nawa zai ci? In abin ya faru Shingo ba zai zo ba, dole ya zauna a bakin aikinsa a can. Ni dai tun ina yarinya in ban san amsar abu ba abinci ma ba ya min daɗi.

Ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya, maza duk suna teku, na ɗauko agogon girkina na danna.

"Baba, tashi. An busa jiniya."

Tun haihuwar Shingo haka nake kiransa. Ya kalle ni da idonsa mai lafiya. "Wace jiniya? Fusae, kin fara ruɗewa ne?"

"Jiniyata ce. So nake in sani."

"Ki san me?"

"In na sani zan faɗa maka. Ɗaga hannu."

Sa masa wando da rigar sanyi da ɗora shi a keke kaɗai sun ci minti ashirin da biyar, yana mita ina mita. Na leƙa ta katanga na ƙwala wa Tomeko kira. Tana lambu, kunnenta kuma ya yi nauyi, sai da na jefa mata takalmi. Da ta gane abin da nake so, sai ta ce in jira ta ta canza riga, ba za ta shiga gidan mutane da kayan gona ba.

"Tome-chan, mutuwa ce fa ke bin mu!"

"To ai sai ta jira," in ji ta.

Muka kai shi bakin matakala. Ni shekarata saba'in da ɗaya, ita saba'in da huɗu. Ta riƙe keken ta baya, ni na tare ta gaba, muna sauke shi ɗaya bayan ɗaya. Kowace matakala sai Genzo ya ce, "Ku yi haƙuri. Tomeko-san, ki yi haƙuri." Ta goma hannuna ya fara rawa. Ta ashirin Tomeko ta daina magana, abin da ban taɓa gani ba. A ta ashirin da bakwai akwai ɗan fili inda hanya ta karkata, nan gwiwata ta ƙi. Muka danne birki muka zube a ƙasa. Ƙarasa sauka ta gagara, komawa sama kuma ko a mafarki. Na duba agogo, awa ɗaya da minti hamsin.

Daga wurin ana hango komai, har farin ginin tashar a tsallake. Genzo ya daɗe yana kallo, don rabonsa da ganin teku tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti.

"Katangar ta yi tsawo kuwa," ya ce. Can kuma ya ce, "Kin wahalar da kanki a banza. Ai ba na cikin lissafin."

"Wane lissafi?"

"Takardar da aka kawo bara, kina kasuwa. Zaɓi biyu ne a jikinta, ina buƙatar taimako, ko ba na buƙata. Na buga hatimina a na biyu."

Na ji kaina ya yi zafi. "Kai da ko cokali sai an riƙe maka?"

"In ranar ta zo, wa zai bar 'ya'yansa ya hau matakala sittin don tsoho? Ki ja ƙofa ki tafi, shi ke nan. Kuma in aka ga irinmu da yawa a takarda, aikin Shingo ne zai tsaya."

Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin tausayinsa haka ba. Wato yana kwance shekara guda da wannan a cikinsa, ina kawo masa shayi yana cewa na gode.

Wajen ƙarfe biyu jirage suka fara dawowa. Heisuke ya hango mu, ya taho a guje da maza uku suna naɗe hannun riga.

"Kada wanda ya taɓa shi," na ce.

"Fusae-san, rana fa..."

"Ga lema. Riƙe masa. Kai ba ka iya zaman keke ba? To yau koyi tsayuwa."

Na kira lambar da ke jikin takardar atisaye na ce a ba ni Ushiroda-san. Na ce mata akwai lissafin da nake so ta zo ta gani da idonta. Genzo yana ta roƙona ƙasa-ƙasa, "Fusae, kada ki tara min jama'a." Amma jama'a sun riga sun taru. Nakagomi-san ma ya iso yana haki, fuskarsa kamar an watsa mata ruwan zafi.

Sai ƙarfe uku da kwata ta iso. Ta hau matakalar da takalmin ofis, ta tsaya ta dubi Genzo, ta dubi keken, ta dubi Heisuke da ke riƙe da lema. Na ga ta gane shi ne ya zauna a keken ranar Asabar. Na miƙa mata agogon girkin ba tare da na kashe ba.

"Awa huɗu da kwata, kuma saura matakala talatin da bakwai," na ce. "Ni ina so a kunna tashar nan, ɗana yana can. Amma ki kai wa gwamna wannan tare da waccan talatin da takwas ɗin."

Ta karɓi agogon ta tambaya, "Akwai wasu kamarsa?"

Tomeko ce ta ɗaga yatsa tana nuna gidajen da ke sama da mu, tana kiran sunaye ɗaya-ɗaya, har goma sha ɗaya. Nakagomi-san ya sunkuyar da kai ya ce dukkansu a zaɓi na biyu suka buga hatimi, shi ma kuma ya yi musu godiya a lokacin.

Ushiroda-san ta buɗe jakarta ta zaro sabuwar takarda. Ta durƙusa a kan dutsen nan gaban keken har gwiwarta ta taɓa ƙasa.

"Genzo-san, ba sai da hatimi ba. Ka faɗa da bakinka in rubuta."

Ya dubi mazan da suka yi shekara talatin suna fita teku tare, duk sun kawar da kai. Ya dube ni. Ban taimake shi ba, ko da ido. Leɓensa na gefen da ya shanye yana rawa, ya buɗe baki ya rufe har sau biyu.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Ina buƙata."