Ranar da Raki Za Ta Rantse wa Sarki

…kuma ba wai ba ta iya kalmomin ba ne. Ta iya. Sati uku tana maimaita su a kicin, tana wanke-wanke tana motsa leɓe, har Hanan, 'yarta mai shekara bakwai, ta haddace tana rerawa a banɗaki da harshen yaran unguwarsu, Old Trafford. Layi uku ne kacal. Ni, wance, zan yi biyayya ga Sarki, da magadansa, da waɗanda za su gaje su. Shi ke nan. A tafa, a miƙo takardar zama 'yar ƙasa, a ɗauki hoto kusa da tuta.

Jirgin ƙasa ya bar Stockport. Raki tana zaune ta taga, jaka a cinya, hannu biyu a kanta kamar wani zai fizge. Ƙarfe biyu ne taron, a Birmingham, don a can aka cike takardun tun suna unguwar Small Heath, kafin aikin mijinta Bara'u ya dawo da su Manchester. Wata uku ake bayarwa daga ranar da wasiƙar gayyata ta zo. Ta ɗaga sau ɗaya, ta ce Hanan ba ta da lafiya. Ta ɗaga na biyu, ta ce… me ma ta ce? Ciwon kai. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta gaya mata a waya, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya: yau ce ta ƙarshe. In ta wuce yau, sai dai a sake daga farko.

Daga farko — wato a koma ƙirgar kwanaki. Shekara da shekaru tana ƙirga: kwana nawa ta yi a wajen ƙasar, kwana nawa ya rage mata kafin a ce ta zarce. Bara da Baba ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana goma sha biyu ta yi a gefen gadonsa ta dawo. Goma sha biyu! Ta shafa masa man zafi a ƙafa, ta ba shi kunu a cokali, ta ja akwatinta ta fito yana bin ta da ido ɗaya. Da fasfon ƙasar nan a hannu za ta tafi ta zauna, wata shida, shekara, shekara uku, iya abin da Allah ya rage masa, kuma ƙofar dawowa wurin Hanan tana buɗe. In babu shi, sai ta zaɓa. Uba ko 'ya.

To me ya riƙe bakin?

Yana cikin jaka, ɗan littafin nan. Tana jin kusurwarsa ta cikin fata, tana tokarin tafin hannunta.

"Don girman Allah ki bar mataccen saurayin nan naki a gida yau," in ji Bara'u da safe, yana ɗaura agogo, makullin mota a baki. "It's just words, Raki. Ni minti biyu na yi na koma asibiti. Sarkin ma ya san da ke?"

"Kai da ka yi taka, da sunan Allah ka yi ko babu?"

"Wallahi na manta."

Ya manta! Mutumin kirki, mai haƙuri, wanda yake ɗumama mata mota kafin ta shiga in ana sanyi… ya manta. Ita kuwa tana tune da shafi. Shafi na goma sha tara, wanda gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa.

Shekara shida ke nan. A unguwar Erdington, ana ruwa, ta tura keken Hanan cikin wani shagon kayan gwanjo don ta fake. Kwandon littattafai a bakin ƙofa, ba mai kallonsa. Ɗan siriri, bangonsa ruwan ƙasa, an tattara rubuce-rubucen mutum ɗaya a ciki. Jabez Hanley. Maƙerin maɓallan riga a nan Birmingham, shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce, lokacin da Faransawa suka kifar da sarkinsu, masu mulkin Ingila suka kasa barci. Da rana ya buga maɓalli, in ya tashi ya buga takardu, shafi takwas-takwas, ya tsaya a ƙofar maƙeru yana raba wa leburori. Ita da karatunta ya tsaya a sakandare — shafi ɗaya a sati, ƙamus a waya, yatsa a ƙarƙashin kowane layi, Hanan tana barcin rana a kafaɗarta. A bakinsa ta koyi Turancin kirki. Ba a bakin likita ba, ba a bakin maƙwabta ba. A bakinsa.

Na yi wa rigunan manya maɓalli dubu, in ji shi, kuma duk rigar da aka ɓalle, mutum ne a ciki yana jin sanyi kamar ni.

Ranar da ta gane wannan jimlar sai da ta tashi ta zaga falo sau biyu. Ba shi da hoto, ba wanda ya damu ya zana shi, sai ta yi masa fuska da kanta. Dogo, ba mai yawan dariya ba. Yatsu duk tabon ƙuna. In ya gaji yana murza tsakanin idanunsa da babban yatsa… Wa take yaudara? Hannun Baba ne. Hannun Baba ta ba shi tun ranar farko, da ƙunar dalma da komai.

Tashar Stoke. Mutane suna shiga da lema a jiƙe.

An ce masa ya fito bainar jama'a ya rantse wa Sarki, a ƙyale shi. Ya ƙi. Aka ƙone shagon, da injin bugun, da buhunan maɓalli. Ya kama hanyar Manchester a ƙafa. Wannan hanyar, wannan da take gani ta taga, da gonakin, da tumakin nan masu kama da duwatsu. Shi ya bi ta yana gudun rantsuwa. Ita ga ta da tikiti a waya tana bin rantsuwar har gida.

Yaya zan yi alkawarin biyayya ga wanda ba a haifa ba, ban san ko mai imani zai tashi ko azzalumi ba? Shafi na goma sha tara. Da magadansa, da waɗanda za su gaje su… Jabez, kai ma ka san layin bai canza ba? Har yau?

Bulala ashirin. Tabon yana nan a bayan Baba, ta gani da tana goge masa jiki bara, fatar ta saki amma layukan ba su tafi ba. Yana ɗan shekara goma sha tara aka kama shi a kasuwar garinsu yana raba takardun jam'iyyar talakawa. Aka kai shi gaban hakimi, aka ce ya durƙusa. Ya tsaya. Yana ba da labarin yana dariya, rediyo a buɗe a gabansa, sukurudireba a haƙori: "Suka doki bayan gwiwata na zube. Amma faɗuwa daban, durƙuso daban, Rakiya. Ki riƙe wannan." In ta durƙusa gaishe shi da safe sai ya kama hannunta. "Tashi, tashi. Gaisuwa a baki take." Inna, Allah ya ji ƙanta, tana faɗa daga madafa: "Malam, ka lalata yarinyar nan, gidan wa za ta zauna a haka?"

Jiya yayanta Nazir ya riƙe masa waya a fuska. Ta shirya tambayar, ta juya ta, ta tausasa ta. Baba, in mutum ya… Baba, da a ce… Bakin ya karkace, miyau a gefe. "Ra… Ra…" Iyakarsa ke nan yanzu. Sai ta ce, "Baba, ina nan tafe. Na kusa." Ba ta faɗi da me za ta sayi hanyar ba.

Tashar New Street, Birmingham. Ƙafafunta sun san gari, su suke tafiya, ita tana bin su. Ɗaya da rabi. Bas ɗin Small Heath ya wuce ta gabanta — ta shige shi mana? Ta je gidan tsohuwar maƙwabciya ta sha shayi, ƙarfe biyu ta zo ta wuce da kanta, ba wanda ya ƙi komai, jirgi ne ya makara… Matsoraciya. Ko ƙin ma ba za ta iya yi a tsaye ba?

Tebur a bakin zauren taro. Wata farar yarinya mai fara'a, suna a ƙirji, Chloe. Tana nuna kati biyu: wannan na masu rantsuwa da sunan Allah, wannan na masu alkawari kawai. Wanne? Wanne! Da sunan Allah, ta ɗaure wuyanta har kabari. Babu sunan Allah — sai me, ba ya jin abin da aka faɗa in ba a ambace shi ba? Hannunta ya ɗauki na biyun kafin ta gama tunani. Kunya ta taso mata har kunne.

"'Yar'uwa, wannan lallen na gida ne!" Wata mata ce a kujerar kusa, ta sha ɗaurin kai har yana tare wa na baya gani. "Justina, daga Kafanchan. Shekara goma sha ɗaya ina juya tsofaffin mutanen nan a gado, yau sai sun ba ni takardata. Ke lafiya? Kin yi fari fat kamar za a yi miki allura."

"Rantsuwar ce…"

"Rantsuwa? Ni ko kyanwar gidan Sarki suka kawo yau zan rantse mata. Ki buɗe baki sosai, suna zagawa suna kallon leɓe."

Suna kallon leɓe. To ko wannan ƙofar an rufe. Ta faɗa da baki, zuciya ta ƙi? Ya riga ta can ma, mataccen, Jabez. Wanda ya rantse da baki ya ƙi da zuciya, ya yi ƙarya sau biyu. Ba ya barin ko 'yar kafa. Bai taɓa bari ba — shi ya sa take son sa, shi ya sa yanzu take jin kamar ta fito da shi ta jefa a kwandon shara. Kai wa ya yi jinyar ubanka? A gabatarwar littafin, layi ɗaya tak: ya bar gari da mata da 'ya'ya huɗu, biyu ne suka kai bazara. Layi ɗaya! Sau nawa ta tsallake shi? Ka tambaye su, Jabez? Matar da ta goya na ƙarshen a wannan hanyar, ko sunanta ba a rubuta ba… ita me ta ce da shafi na goma sha tara?

An ce a miƙe. Hoton Sarki yana jingine a gaba kusa da butar shayi, tsoho ne kawai mai gajiyayyun idanu. Rigar duk maɓalli. Za a bi layi, kowa ya faɗi sunansa da ƙarfi, sannan a karanta tare. Layin farko. Wani ɗan Sudan. Wata tsohuwa da jikarta. Layi na biyu.

Takalman roba, a jere, a bakin zauren hakimi.

A'a. Ba yanzu ba.

Tana shekara goma sha bakwai. Makarantar koyon jinya ta ce sai da takardar shaidar asali, takardar kuma sai da sa hannun hakimi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. "Jira ni a gindin darbejiyar nan." Ta jira, ta gaji, ta matso. Takalmansa ne. Ta leƙa. Bayansa ta gani, ƙasa-ƙasa, ƙasa fiye da yadda ta taɓa ganin sa in ba a sallah ba. Hannu a dunƙule, a sama. "Ranka ya daɗe." Ɗan wancan hakimin ne a kujerar, bai kai Baba shekaru ba, yana waya, ko kallonsa bai yi ba. Ba ɗan doka. Ba sanda. Ba wanda ya taɓa shi.

Ta koma gindin bishiya da gudu. Ya fito, takardar a ninke a aljihun gaba, ƙasa a gwiwar wando. "An samu," ya ce. Bai kakkaɓe ba. Ita ma ba ta kalla ba. Suka taka har gida yana ba ta labarin wata rediyo da ta ƙi gyaruwa. Makarantar ma ba su ɗauke ta ba… Shekara goma sha biyar ta ajiye wannan a inda ko ita ba ta leƙawa. Ta karanta shafi bayan shafi, ta ba Jabez hannun Baba, ba ta taɓa ba shi wannan gwiwar ba.

"Justina Bulus!" in ji Justina, kamar mai kiran sunan wanda ya ci gasa.

Chloe ta matso, murmushi, kai a karkace. Justina tana zungurin ta da gwiwar hannu. "Ke ce, 'yar'uwa."

Baba ya san ta gani? Da ya bar ƙasar a wandonsa har gida — nuna mata yake yi, ga yadda ake yi in ya zama dole? Ko kuwa hannunsa ne ya kasa kaiwa wurin? Izini ne, ko abin da ya roƙi Allah kada ta taɓa yi? Shi kaɗai ya sani. Sai ta zauna kusa da shi wata da watanni, ta koyi karanta idon nan ɗaya, wataƙila… Kuma ba za ta zauna ba sai ta faɗa. Sai ta faɗa kafin ta san ko ya yarda.

Ta ɗaga katin. Ta gaji, ya Allah, ta gaji kamar ita ta yi hanyar a ƙafa.

"Your name, love," in ji Chloe, a hankali.

Raki ta buɗe baki. Mutum arba'in suna jira.