Dodon Koɗi Mai Jan Farce

"Baba, don Allah kar ka taka!" in ji yarinyar, tana durƙushe a tsakar gidansa da bokiti.

Tsoho mai gyaran rediyo ya ɗage ƙafa. Dodon koɗi ne, an ɗiga masa jan farce a baya.

"Ke 'yar nan, har kwalliya kuke yi musu a jami'a?"

Ɗalibar maƙwabcinsa ce, Dakta, wanda ciwo ya kwantar. Tun tana shekarar farko ta tambayi Dakta a aji ko dodon koɗi ya san hanyar gida. Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa cewa ya yi, "Ban sani ba. Zo mu duba." Tun ranar yake kiranta Me-ya-sa. Sai ta kwaso dodannin koɗi daga lambun Dakta, ta sa musu alama, ta zube a gidan tsohon, a jira a gani. Har yanzu babu wanda ya koma.

Tsohon ya shiga duba Dakta. Ya rame, an jawo masa gado gaban taga don ya riƙa ganin katangar da ta raba gidajensu.

"Maƙwabci, yaya baƙin da na aiko maka?" in ji Dakta.

"Lafiya lau. Sun ma fi ka sauri yanzu."

Dakta ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "Abu ɗaya ke damuna. In na tafi, za su miƙa mata tsohon aikin wani ta kwafa, ta daina tambaya."

Da hantsin wata Laraba ya cika, fuskarsa na kallon taga.

Bayan an watse daga zaman makoki, Me-ya-sa ta zo ɗaukar bokitinta, idanu a kumbure.

"Na haƙura, Baba. Sabon malamin ya ce in nemi abu mai ma'ana."

An yi ruwa da safe. Tsohon ya yafito ta zuwa gindin katanga, ya nuna sama da sukuddireba. Can a kan katangar ga wani dodon koɗi da jan ɗigo, ya miƙa ƙahonninsa wajen lambun Dakta.

Ta daɗe tana kallo, ta share ido da bayan hannu.

"Da Dakta na nan, cewa zai yi ɗaya ba hujja ba ce."

"To wa ya kore ki? Jira na biyu."

Ta kife bokitin ta zauna a kai. Tsohon ya rage muryar rediyo. A jikin katangar, siririn sawu yana sheƙi daga ƙasa har sama.