Rigar Kujerar Baya

Shekara talatin da biyu Tela ya yi yana taka keken ɗinki kafin Allah ya ba shi ikon taka totur. Motar ba sabuwa ba ce, ta bi hannu biyu kafin ta zo nasa, amma injinta lafiya lau, birkinta kuma na ci. Kujerun ne kawai suka tsaya masa a rai. Sun koɗe, ga wani tabo a ta baya wanda ba a san ko na shayi ba ne ko na baƙin mai.

"Tela guda, a ce motarsa na yawo tsirara?" ya ce wa matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna.

Sati uku ya yi yana ɗinka wa kujerun riguna. Ya samo yadi mai kauri, shuɗi mai duhu, ya shimfiɗa siririn soso a ciki, ya bi shi da layukan ɗinki masu gicciye da juna, ya zagaye gefe da jan yadi. Ta kujerar baya ita ce abin alfaharinsa. Falle ɗaya ce tun daga wurin jingina kai har inda ƙafa ke sauka, babu haɗi ko ɗaya. Da ya zo sa ta, sai baƙaƙen igiyoyin nan na bel da bakunansu na ƙarfe suka ɓata masa tsari. Ya dube su, ya dubi aikinsa, ya cusa su can cikin lungun kujera, ya ja riga ta rufe komai, ya kama ta da roba ta ƙasa. Na gaba ya bar su, tunda su a jikin ƙofa suke rataye, ba su taɓa masa ɗinki ba.

Mutanen layi suka riƙa zuwa kallo. Inna ma ta leƙa, ta shafa, ta ce, "Ikon Allah. Rigata wata huɗu tana ƙarƙashin teburinka an yanka ba a haɗa ba. Ashe laifina da ban zo duniya da taya huɗu ba."

Tela ya ja gefen rigar kujerar ya daidaita. Hankalinsa na kan ranar Litinin. Jikarsa, 'yar shekara biyar da ya raɗa wa Zabuwa saboda ba ta zama wuri ɗaya kuma bakinta ba ya hutawa, za ta fara makaranta a ranar. Tun kafin a kawo motar ya yi mata alkawari shi zai kai ta har bakin ƙofa. Ita kuwa ta gaya wa mai shago, ta gaya wa mai kawo ruwa, ta gaya wa kyanwar maƙwabta.

Ranar Asabar da la'asar uwar Zabuwa ta zo da ita. Babbar 'yar Tela ce, nas ce a ɗakin da ake karɓar waɗanda suka yi hatsari, shi kuwa in yana son tsokanarta sai ya ce mata Likita. Ta zo rungume da wata 'yar kujerar roba mai hannuwa, irin wadda ake ɗora yaro a kai don bel ya zauna masa daidai a kafaɗa, kada ya shaƙe shi a wuya.

Ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya. "Baba, wannan ai ba mota ba ce, falo ne. Hannunka dai bai tsufa ba."

Tela ya gyara tsayuwa, ya yi kamar bai ji ba.

Ta ajiye 'yar kujerar, ta lalubi gefe, ta lalubi tsakiya. "Ina bel ɗin?"

"Yana ciki."

"Cikin ina?"

"Yana hutawa. Wa ke ɗaura bel a baya, Likita? Bayan ma ai shi ne wurin lafiya."

"Waɗanda ake kawo mana da yawa daga bayan ake ciro su."

"To ta zauna gaba kusa da ni."

"Gaba ba wurin yaro ba ne."

"Innarki ta rungume ta a cinya. Hannun da ya riƙe ku ku biyar ba zai kasa riƙe wannan 'yar tsuntsuwar ba."

Inna, da ke zaune bakin ƙofa tana gyaran farce, ta ce, "Kada a sa ni a ciki. Jiya ma faranti ya suɓuce mini."

Nas ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta rage tsawo kaɗan kamar mai gaisuwa, ta ce, "Baba, ni ban isa in ce ka taɓa ɗinkinka ba. Abin da na sani dai, inda babu bel, babu Zabuwa. Akwai abokiyar aikina da ke bi ta makarantar, sai in roƙe ta ta ɗauke mu."

Zabuwa ta dubi uwarta, ta dubi kakanta. "Kaka, ba kai za ka kai ni ba?"

"Ni zan kai ki," in ji shi, da muryar da ta fi zuciyarsa ƙarfi.

Ya shiga shagonsa da ke jikin gidan, ya zauna gaban keke. Babban almakashinsa na kwance a kan tebur. Ya kalle shi, ya kau da kai. A ce a huda falle ɗaya, aikin da ya warware sau biyu kafin layukan su haɗu daidai? Ai ko rigar wani aka kawo masa a ce ya yi mata haka, sai ya nemi a ba shi dalili a rubuce. Yana nan zaune yana murza alli a yatsa, sai dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai. Mene ne bel in ba ɗamara ba? Wa kuma ya fi tela sanin ɗamara?

Nas da Zabuwa a gidan suka kwana. Washegari da safe, kafin a gama karin kumallo, ya kira su waje. Ashe cikin dare ya ninka yadin tamfol huɗu, ya bi shi da layi takwas na zaren takalmi, ya sa masa ƙugiyar ƙarfe ta tsohuwar jakar tafiya, ya ɗinke bakin ɗamarar biyu a jikin rigar kujera. Har da jan gefe ya yi masa don ya dace da sauran.

"Ja ki gani," ya ce wa 'yarsa.

Ta ja. Ko motsi ɗinkin bai yi ba. Inna ma ta zo ta ja har da dafa ƙofa da ƙafa.

"Ɗinkina bai taɓa farkewa a jikin mutum ba," in ji Tela. "Akwai wanda na yi wa wando ya faɗo daga bishiya, ƙafar ta karye, wandon na nan."

"A tsaye dai ya riƙe," in ji Nas.

"To a gwada a tafe mana. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Da bakinsa ya faɗa, don haka ba shi da hanyar janyewa. Nas ta ce nauyin Zabuwa bai wuce na jarkar ruwa mai lita ashirin ba. Inna ta ba da aron tata, da sharaɗin a dawo mata da ruwanta cif. Zabuwa ta cire hular kanta ta kifa wa jarkar, ta ce wannan ƙanwarta ce, a yi mata a hankali don ba ta saba da mota ba.

Akwai filin ajiye motoci a bayan kantuna, babu kowa a cikinsa a irin wannan safiya. Tela ya kai motar can, sauran suka bi shi a ƙafa. Ya zaunar da jarkar a bayan kujerarsa, ya ɗaure ta tamau da ɗamarar, ya gyara mata hula. Nas ta ja Inna da Zabuwa can gefe, bayan wani dakali.

"Ba gudu za ka yi ba, Baba," ta ce. "Irin tafiyarka ta cikin unguwa. In na sauke hannu, ka taka birki kamar ƙwallo ta gangaro titi da yaro a bayanta."

Ya ɗaura nasa bel, ya duba madubi, ya tayar. Motar ta ɗauki hanya a hankali, ya sa giya ta biyu. Ta madubi yana ganin jarkar zaune da hularta kamar mutuniyar kirki. Nas ta sauke hannu. Ya taka.

Abin da ya fara ji ba ƙara ba ce. Duka ne a tsakiyar bayansa, ta cikin kujera, kamar wani ƙato ya kai masa gwiwa. Sannan ruwa mai sanyi ya bi ta ƙarƙashin kujerar ya cika masa takalmi.

Ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya ɗan jima bai fito ba.

Da ya buɗe ƙofar baya, jarkar na kife a wurin ajiye ƙafa, murfinta ya yi nasa wuri, tana ta kwarara. Ɗamarar na nan ɗaure a cikinta. Robar ƙasa ce ta saki, rigar kujerar gaba ɗaya ta taso ta biyo jarkar. Hular Zabuwa kuwa ta tsallake har gaba, tana kusa da giya.

Zabuwa ta iso da gudu, ta leƙa, ta tuntsire da dariya. "Kaka, ƙanwata ta yi fitsari a motarka."

Tela bai yi dariya ba. Ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya tsaya yana kallon bayan kujerarsa inda kan jarkar ya bar shaida. Sannan ya durƙusa ya bi ɗamarar da yatsa, layi bayan layi.

"Ɗinkin dai bai farke ba," ya ce a hankali.

"Bai farke ba, Baba," in ji Nas. "Ko zare ɗaya."

"Rigar ce ta yi mata rakiya," in ji Inna. "Ni dai ruwana."

Bayan azahar, da rigar ta sha rana ta bushe, ya mayar da ita kan kujera, ya lalubi inda kowane bakin bel yake ta saman yadi, ya ja layi da alli. Ya auna sau uku, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Ya cire ta ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗauki almakashi, ya buɗe bakinsa, ya tsaya. Ya ajiye, ya sha ruwa, ya sake ɗauka.

Inna ta leƙo ta taga. "In ba za ka iya ba, Malam, in kawo wuƙar kicin. Ni ba ni da tausayinta."

"Ki je ki ji da tukunyarki."

Ya yi bisimilla ya datsa. Ƙarar almakashi cikin yadi mai soso ta fito ɓaras, har sai da ya runtse ido. Na farkon ne mai wuya. Daga nan hannu ya karɓi aikinsa. Ya buɗe wa mutum uku, na dama da na hagu da na tsakiya, ya bi bakin kowace kafa da jan yadi, ya danne kusurwa yadda ake yi wa bakin aljihun kwat. Da ya gama ya ɗaga ya duba a haske, sai ya ga wanda bai sani ba zai rantse tun farko haka aka tsara ta. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

Da suka zo zaro bel ɗin daga lungu, Nas ta cusa hannu ta fito da wani ƙaramin almakashin yanke zare.

Inna ta riƙe haɓa. "Ba wannan ne aka yi sati biyu ana cewa na ɗauka na yanke farce ba?"

"Ana maganar bel," in ji Tela.

Nas ta warware kowane bel, ta duba ko ya murɗe ko ya tsage, ta fizge shi da ƙarfi ta ga ya cije. Ta ɗora 'yar kujerar, ta zaunar da Zabuwa, ta nuna wa mahaifinta yadda zai bi da shi ta kan kafaɗa da ƙugu, ba ta wuya da ciki ba. Ta sa ya yi da kansa sau biyu. Bai yi musu ba, sai dai ya ce duk wanda ya ɗinka wannan bel ɗin ya san aiki, ya so a ce ya ga kekensa.

Ranar Litinin da safe Zabuwa ta fito cikin kayan makaranta, jaka ta kusa fin ta girma. Tela ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya goge madubi, ya ɗaure ta da kansa har ya ji ƙarfen ya ce ƙas. Nas ta shiga gaba. Inna ta ce ita ma za ta, don ta ga makarantar da ta ci mata jarkar ruwa, ta zauna kusa da jikarta.

"Inna, naki," in ji Zabuwa.

"Ni ai tsohuwa ce, ina zan je?"

"Wajen giya," in ji Tela, ba tare da ya waiwayo ba.

Inna ta ja tsaki, ta ja bel.

Suka hau titi. Tela ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana barin tazarar mota uku tsakaninsa da na gaba, yana ba da hannu tun kwana ba ta zo ba. Wata motar haya ta yi masa oda ta wuce. Wata ma ta wuce. Zabuwa na ta lissafa abin da take gani ta taga, mai sayar da jarida, kare, wata mata da laima. Can ta ɗan miƙo wuya iya inda bel ya bar ta.

"Kaka, ga mai keke ma ya wuce mu."

Tela ya dube ta ta madubi, ya mayar da ido kan hanya.

"Bar shi ya je," ya ce. "Shi bai ɗauko kowa ba."