Maganar da Aka Hana Baba

Baba ya buga sandarsa a ƙasa, falon ya yi tsit. Jikoki suka kwashi takalmansu suka fice, aka bar shi da 'ya'yansa uku. Tsohon kafinta ne, amma hannun da ya saba riƙe zarto yanzu rawa yake yi, sai ya danne shi da ɗayan a kan gwiwa.

"So nake mu yi maganar ranar da zan kasa tashi," ya ce. "Akwai wani nas da ya yi ritaya a bayan layinmu, yana bin gidaje yana kula da tsofaffi. Mun yi magana da shi. In ta kai ga wanka da kai ni bayi, shi nake so. Ba na son 'yar da na haifa ta ga tsiraicina."

"Haba Baba, daina yi wa kanka mugun fata!" in ji Yaya Babba. "Kai da za ka ga tattaɓa-kunne?"

Na tsakiya, direban babbar mota, ya tuntsire da dariya. "Muna raye bare zai taɓa ka? Ai sai a zage mu."

Auta ma ta yi dariya, don ta ga kowa na yi. Baba ya buɗe baki zai ƙara, sai aka shigo da abinci.

* * *

Shekara ba ta zagayo ba Baba ya faɗi a bakin shagonsa. Ɓarin jiki ya shanye, harshe ya bi shi. Gidan Yaya Babba bene ne, direba kuma kullum yana hanya, don haka ba a ma yi shawara ba: Auta ta ajiye koyarwarta ta dawo gida.

Ranar da ta fara yi masa wanka, ya juya fuska ga bango. Ta ga hawaye na gangarawa cikin kunnensa, ta yi kamar kumfa take sharewa. A lokacin dariyarta ta ranar nan ta dawo mata.

Ta je ta nemo nas ɗin, dattijo mai sanyin murya. "Mahaifinki ya riga ya gaya mini komai," ya ce. "Har irin sabulun da yake so."

Ya zo washegari, aka yi rashin sa'a ya tarar da Yaya Babba a ƙofa. Yaya ya gode masa sosai, ya raka shi har titi.

"So kike duniya ta ce mun yar da ubanmu?" ya ce da ya dawo. "Ke lada kike kwasa ba ki sani ba."

"To ka zo ka kwashi naka mana, Yaya."

Ya duba agogo. Ana jiransa a ofis.

* * *

Da la'asar Auta ta shiga ɗakin Baba don ta juya shi. Ta taɓa shimfiɗa, a bushe take tun safe. Har ta fara murna, sai idonta ya sauka kan kofin ruwan da ta ajiye masa, cike yake. Leɓɓansa sun tsattsage.

Ta durƙusa, ta kai kofin bakinsa.

"Baba, don Allah, ko kurɓi ɗaya. Ni ban gaji ba, wallahi."

Ya datse leɓɓansa. Da hannunsa mai lafiya ya ture kofin a hankali, yadda ruwan ba zai zube mata a zane ba.