Sanduna Goma Sha Ɗaya a Bayan Gidan Alhaji Mahama

A bayan gidan Alhaji Mahama da ke unguwar Maamobi a Ankara, tsakanin katanga da babban gwata mai kwashe ruwan datti, akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Shekara da shekaru toka da leda ake zubarwa a wurin. Mubashir ne ya share shi, wata uku bayan ya sauka Ankara daga Dogondutsi. Da rana dako yake yi a kasuwar Tudu, amma hannunsa bai saba zama babu ƙasa ba.

Sai dai ba shi kaɗai ke son wurin ba. Fawaz, ɗan ƙanwar Alhaji, yana so ya kafa kwantenar sayar da kayan waya. Alhaji ya tara su biyu ya yanke magana.

"Mubashir, na ba ka zuwa ƙarshen Satumba. In na zo na ga abin da zai kai baɗi a tsaye, wurin naka ne. In ƙasa na tarar, kwantena za ta sauka."

Mubashir ya ce ya ji. A ransa har dariya ya yi, don farkon Agusta ne, kuma a garinsu watan marka ke nan, lokacin da ko tsakuwa ka jefa sai ta yi kore. Ga sama kullum a haɗe, ga iska mai sanyi daga teku. Ya kwance ƙullin irin da ya zo da shi, ya shuka kuɓewa da yakuwa da rama. Bai yi musu ban ruwa ba. A gida, wanda aka gani da bokiti a gona cikin Agusta sai a tambayi lafiyar kansa.

Yayyafi ya ɗan taɓa ƙasa, iri ya tsiro. Daga nan shiru. Kullum hadari, kullum babu ɗigo. Kafin mako biyu tsiron ya kwanta ya bushe.

Yana tsugune a kansu da safe sai ga Zelia, dattijuwar da ke sayar da tuwo da miyar ayoyo a bakin lungu. A Nima aka haife ta, kuma ba ta raga wa kowa.

"Ɗan Nijar, makoki kake yi?"

"Mma, ruwa nake jira. Dubi sama."

"Wane ruwa? Sama na Ankara a Agusta fuska kawai yake ɗaurewa, ba ya yin komai koraa, ko ɗigo. Mu damina biyu gare mu. Babba ya wuce, ƙarami sai tsakiyar Satumba, in ya ga dama." Ta taɓa busasshiyar kuɓewa da yatsan ƙafa. "Kuma ko ya rayu, wannan wata uku ya gama. Alhaji baɗi ya ce maka. Ba ka ji shi ba?"

Kunya ta kama Mubashir. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"To me ake sawa yanzu ya kai baɗi?"

"Yauwa, yanzu ka yi tambaya. Itace. Zogale da shuwaka, reshe za ka sara ka kafa. Ga kan gwaza, ka binne ta gefen gwata inda sanyi yake, ka ci ganye har ka gaji. Ƙanwata a Madina zogale ya dame ta, je ka ce ni na aiko ka."

Ranar Lahadi ya shiga trotro, motar haya, ya tafi Madina. Ya dawo da sanduna goma sha ɗaya ɗaure da igiya, bayan ya sha faɗa da yaron mota da ya ce zai tsokane wa fasinja ido. Ya haƙa ramuka masu zurfin kamu biyu, ya zuba busasshen kashin awaki, ya kafa, ya kuma binne kan gwaza ta gefen gwata.

Saura ruwa. Na gwata baƙi ne ƙirin, Zelia ta ce in ya zuba shi ko ganye ɗaya ba za ta sa a tukunyarta ba. Famfon gida kuwa sai ya kwana uku bai zo ba. Da magariba yana alwala a masallacin lungu, ya tsaya yana kallon ruwan da ke gangarewa daga hannayen mutane yana bin siminti. Bayan sallah ya sami liman, ya roƙi a bar shi ya tari ruwan. Washegari aka ga babbar roba a ƙarƙashin dakalin alwala. Asuba da magariba Mubashir na ɗauke ta a ka, ya raba wa sandunansa kofi-kofi.

Fawaz kan tsaya a bakin katanga yana kallo.

"Cale, abokina, sanda kake ba ruwa? In ta girma ka ba ni in yi muciya."

"Za ka ci miyarta, maigida."

"Kwantenata tana wajen mai walda fa."

"Allah ya ba ta wuri."

Sanda huɗu suka ruɓe daga ƙasa. Akuya ta cinye tohon guda. Mubashir ya samo tsohon gidan sauro ya kewaye sauran. Ruwan Satumba ya makara, bai sauka ba sai kwana shida kafin wa'adi.

Ranar ƙarshe Alhaji ya zo bayan la'asar, Fawaz na biye da shi riƙe da igiyar awo. Gwaza ta buɗe ganye biyu-biyu, sanda shida sun yi toho.

"Kawu, sanduna ne fa," in ji Fawaz. "Yau aka soka, gobe a zare."

Alhaji ya nufi sandunan. Ya sunkuya da ƙyar, ya kama zogale mafi kauri ya ja. Sandar ba ta motsa ba. Ya sake ja da hannu biyu, ƙasar gindin ta ɗan tsage, ita kuwa tana nan daram.

"Wannan ya kama," Alhaji ya ce yana miƙewa. "Ni ba na tuge abin da ya yi saiwa. Fawaz, naɗe awonka, mu je mu duba maka gefen ƙofar gaba."

Suna juya baya Mubashir ya durƙusa ya danne ƙasar da ta tsage da tafin hannu. Sannan ya fara auna inda zai sake haƙa ramuka biyar.