Kajin Inna

Sai da aka taru aka kama kafin a fito da Inna daga bayan motar a ƙofar asibiti. Ba nauyi ne ya sa ba, Inna ai ba ta da nauyin komai yanzu, sai dai duk inda aka taɓa sai ta cije leɓe ta runtse ido. Auta ce ta tallafe mata kai, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, don daga kan keken ɗinki aka kira ta. Auta ake ce mata har yau, ko da yake ta ba arba'in baya, furfura ma ta fara leƙo mata a goshi.

Maƙwabciyar da ta rako su ta yi ta maimaita labarin ga duk wanda ya kalle ta. Wai Inna ba daga wani wuri ta faɗo ba, ba kuma tuntuɓe ta yi ba. Juyowa kawai ta yi da kwanon dusa a hannu, can wajen akurkin kajinta, sai aka ji ƙas, ta zube.

Gaban Auta bai daina faɗuwa ba, kuma ta san dalili. A bara, da likita ya ce ƙasusuwan Inna sun zaizaye, sun zama kamar katakon da gara ta ci ta ciki, Yayansu ya ce a kwashe ta a kai ta gidansa, can saman bene, inda za a sa mata ido. Inna ta ce sai dai a fita da gawarta. Auta ce ta tsaya mata, ta yi ta fama da Yaya har suka kwana biyu ba sa gaisawa. Ta ce a bar tsohuwa a ɗakinta da ƙafafunta, ita ta ɗauki nauyin maganin ƙarfin ƙashin da aka rubuta, za ta riƙa sayowa, za ta riƙa dubawa. Yaya ya ce to, ya bar ta da ita. Tun daga nan Auta ba ta taɓa fashi ba. Duk ƙarshen mako tana zuwa, ta ɗauki kwalbar ta girgiza a kunne, ta ji ta ragu daidai yadda ya kamata, hankalinta ya kwanta.

Likitar da ta karɓe su wata matashiya ce mai sanyin murya, idanunta duk gajiya. Ta ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila, ta nuna da biro inda ƙugun ya karye. Sannan ta jera shi da na bara, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko Inna na shan maganin ƙarfin ƙashin da aka ba ta, mai kalsiyam da bitamin.

"Da hannuna nake sayowa," in ji Auta, kuma ita kanta ta ji zafin da ke cikin muryarta. "Ba a taɓa yin watan da kwalbar ba ta ƙare ba."

Likitar ba ta ja da ita ba. Ta ce maganin dama taimako ne kawai, akwai masu sha kuma su karye, ba wanda zai rantse a kan komai. Gobe za a yi aiki a sa ƙarfe, amma ƙashi irin wannan ba kullum yake riƙe ƙarfe ba. Wataƙila ta taka da abin dogarawa, wataƙila ba ta taka ba. Zaman kaɗaici dai, wannan kam ya ƙare. Ta faɗi haka a hankali, tana mayar da hotunan cikin ambulan.

A ɗakin marasa lafiya an yi wa Inna allura, zafin ya lafa. Ta kwanta a tsakiyar farin gadon 'yar ƙarama, har Auta ta kau da kai, don ba ta san uwarta ta ƙanƙance haka ba. Wannan fa ita ce matar da ta taɓa ɗaukar keken ɗinki a ka ta hau da shi matakala, tana zagin masu dako wai ragwaye ne.

Inna ta buɗe ido. Ba ta tambayi abin da likita ta ce ba, ko a jikinta. Damuwarta ɗaya, kajinta ba su ci komai ba tun safe, kwanon ma kifewa ya yi da ita.

"Ki je ki ba su, Auta. Ki jiƙa dusar, kar ta yi ruwa tsululu irin taki. Sannan ki ɗauki maganin nan fari a kan taga, ki murƙushe da bayan cokali ki barbaɗa musu."

Auta ta ɗauka allurar ce ke magana. Ta gyara mata mayafi ta ce, "Wane magani kuma, Inna?"

"Na ƙashin nan mana da kike kawowa. Wanne ne da ni bayan shi?"

Ai kuwa sai bayani ya biyo baya, tiryan-tiryan, ba ko alamar wanda ya san ya yi laifi. Wai jim kaɗan bayan an fara kawo maganin ne kajin suka shiga yin wani irin ƙwai mai laushi, ba ɓawo sai fata, kafin a ɗauka sun take shi ya fashe. Abin ya hana ta barci. Sai ta tuna maganar Auta, ranar da take lallashinta ta haɗiye ƙatuwar ƙwayar nan mai tsaya wa mutum a maƙogwaro, ta ce mata ai ba wani abu ba ne, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai ne sak. To in haka ne, ga masu bukata a tsakar gida. Ta gwada, ba a jima ba ɓawo ya yi ƙwari. Da fari raba daidai suke yi, yau ita gobe su. Daga baya ta ga ita ɗaure mata ciki kawai yake yi, su kuwa ga amfaninsa ido na gani, sai ta sakar musu gaba ɗaya.

"Ni me zan yi da ƙarfin ƙashi, dambe zan shiga?" Ta ɗan murmusa. "Ba ke kike cewa yaranki sun daina cin ƙwan kanti ba tun da suka ɗanɗana nawa?"

Haka ne, ita ta faɗa. Duk makon duniya, bayan ta gama girgiza kwalbar, Inna kan miƙo mata ƙwai a ɗaure cikin tsumma, ita kuma ta karɓa da hannu biyu tana yaba girmansu. Ta soya wa yara, ta dafa wa maigida, har ta ba abokiyar aikinta a shago tana alfahari. Wani baƙin ciki ya taso mata. Ta so ta yi ihu, ta so ta kama kafaɗun nan ta girgiza, amma kafaɗun ba za su jure ba, ga matar gadon kusa ta baza kunne. Mafi ciwo ma, Inna kallonta take tana jiran a yaba mata dabara.

"To, Inna," kawai ta iya cewa.

"Ki yi sauri kafin su shige. Mai wuyan nan ja ba ta da kunya, sai kin kore ta sauran za su samu."

A tashar bas Yaya ya kira, yana hanya, sai dare zai iso. Ya tambayi abin da likita ta ce, ta faɗa masa ba ragi. Sai ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, ba tana shan maganin ba? Auta ta dubi motocin da ke wucewa ta ce kwalbar dai tana ƙarewa duk wata. Ba ƙarya ta yi ba, amma bakinta ya yi ɗaci.

"Yaya," ta ce, "ka sa a gyara wa Inna ɗaki a gidanka."

Ta zaci zai ce ai ya faɗa tun bara, har ta shirya haɗiye maganar. Bai ce ba. Cewa ya yi za a gyara, ya kuma ce ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Wannan ya fi mata zafi a kan gori. Da ya tambayi yadda za a yi da kajin, tunda ba a kiwo a saman bene, sai ta ce masa ga bas ya zo.

Ta iske gidan kamar yadda aka bar shi. Takalmin Inna ɗaya na kwance a tsakar gida, ɗayan can wajen akurki, kusa da kifaffen kwanon. Butarta cike da ruwa, tsintsiya a jingine, wankin da ta shanya da safe ya bushe har ya yi tauri. Gida ne na mutumin da ya fita da niyyar dawowa yanzu-yanzu, kuma Auta ta san mai shi ba za ta ƙara kwana a cikinsa ba.

Kajin suka yo kanta da gudu, ƙosassu, gashinsu sai sheƙi yake. A kan tagar ga kwalbar, ga cokalin da bayansa ya yi fari fat. Sau nawa ta tsaya a nan tana girgiza kwalbar, cokalin na gefen hannunta, ba ta taɓa tambayar me yake yi a taga ba? Ta jiƙa dusar ta zuba musu haka nan, ba ta barbaɗa komai ba. Ta kori mai jan wuyan, sauran suka samu.

Sannan ta durƙusa ta zura hannu cikin akurkin. Ƙwai ɗaya ta taɓo, babba, da sauran ɗuminsa. Ta miƙe da shi a tafin hannu, hawayen da ta riƙe tun asibiti suka zubo. Haushi ya kama ta, na Inna, na kajin, na kanta. Ta dunƙule hannu a kan ƙwan ta matse, so take ta ji ya fashe, ya zubo ta tsakanin yatsunta. Ta ƙara matsawa da iya ƙarfinta har jijiyoyin hannunta suka tashi.

Ƙwan bai ko tsage ba.