Lomar Tuwo a Gaban Likita

Ɗahiru ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani injin casar shinkafa da ke bakin hanyar Goronyo, ɗan gaba kaɗan da Wurno. Kafin nan ɗan kokawa ne, kuma duk da ya daɗe da ajiye warki, bai ajiye halin ba. Mutanen unguwarsu suna ba da labarin ranar da kunama ta harbe shi a sahun sallar Juma'a, bai ko ɗaga ƙafa ba har liman ya sallame, sannan ya juya ya tambayi na kusa da shi ko yana da ɗan kananzir.

Wata Laraba da hantsi wuta ta ɗauke, bel ɗin inji ya zame. Ɗahiru ya sa hannun dama zai mayar da shi, wutar ta dawo. Kafin a kai ga makunni, bel ya matse masa babban yatsa da na kusa da shi. Aka kai shi asibiti, aka yi ɗinki, aka yi ɗori. Yatsun ba su fita ba, amma da aka kwance bandeji bayan wata biyu, sai ga su a sandare kamar ƙirare, ba sa lanƙwasuwa, ba sa haɗuwa.

Masu injin sun yi wa ma'aikatansu inshora, don haka wani jami'i mai suna Malam Abdulƙadiri ya zo har gida da jaka cike da takardu. Ya zauna a zaure ya yi bayani a tsanake. Akwai diyya, kuma hanya biyu ce: ko a riƙa ba shi wani abu duk wata, ko a ba shi a dunƙule sau ɗaya, ya sa hannu, magana ta ƙare. Yawan abin da za a ba shi kuwa ya danganta da abin da likitarsu ta Sakkwato za ta rubuta bayan ta duba hannun.

Kafin la'asar labari ya zagaye Wurno. Abin da ya ƙara wa zancen gishiri shi ne, tun da aka sallamo Ɗahiru ya daina fito da akushinsa ƙofar gida inda magidantan layin suke haɗuwa su ci tuwo bayan magariba. Mutane suka ce kuɗin ma ba su iso ba ya fara ci shi kaɗai. Matarsa Habi ce kawai ta san dalili. Hannun ba ya iya yanka loma, da cokali yake ci a cikin ɗaki, kuma sai ya saki labule.

Ranar ganin likita, abokinsa Mode, ɗan kabu-kabu mai yawan shawara, ya ajiye babur ya raka shi a mota. Tun daga tasha yake yi masa huɗuba.

"In ta taɓa, ka yi ƙara. In ba ta taɓa ba, ka yi nishi. Wanga aiki duk ga baki ya tsaya."

Ɗahiru ya gyaɗa kai, yana kallon gonakin gero ta taga.

Likitar, Dakta Mashkura, mace ce matsakaiciya mai gilashi, daga jin hausarta ba 'yar ƙasar Sakkwato ba ce. Ta gaishe su, ta jawo fayil, ta buɗe biro.

"Malam Ɗahiru, ya jikin?"

"Da sauƙi, likita."

Mode ya yi tari.

"Yana hana ka barci?"

"Barci sai godiya."

Ta kama babban yatsan ta ɗan tura shi ciki. Ɗahiru ya ji kamar an zura masa allura mai zafi har gwiwar hannu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Amma a gabansa mace ce zaune, a gefensa kuma Mode, wanda bakinsa ba ya riƙe zance, kuma duk abin da ya gani yau gobe yana tashar babura.

"Akwai zafi?"

"Ba a rasa ba. Amma ba wani abin hwaɗi ba na."

"Kana jin za ka iya komawa aiki?"

"Ko yanzu anka ce in ɗauki buhu, ina ɗauka."

Mode ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sau biyu. Ɗahiru ya janye ƙafar, ya yi wa likita godiya, ya ce Allah ya ba da lada.

Bayan kwana goma Malam Abdulƙadiri ya kawo takarda. Abin da aka rubuta za a ba shi, in ji Mode, ko tsohon babur mai hayaƙi ba zai saya ba. Habi ta saurari Malam Abdulƙadiri daga bayan ƙofa har ya gama, sannan ta jira ya fita, ta shigo zauren.

"Maigida, mi kac ce ma likita?"

"Ta tambaye ni jiki, na amsa mata yadda mutane ka amsawa."

"Ai ba gaisuwa taz zo yi ba. Aiki takai."

"To in ce mata mi? In zamna gaban ɗiyar mutane in yi ta kuka awa jinjiri?"

Habi ta juya ta koma cikin gida. Washegari ta aika aka kirawo Malam Abdulƙadiri, ta tambaye shi ko ana sake duba mutum. Ya ce ana yi, sau ɗaya, in an nema a rubuce. Ta sa ya rubuta a nan take, yana tsaye.

Mako biyu suka samu na shiri. Kullum da yamma Mode yakan zo zaure, ya ɗora gilashin tuƙinsa a kan hanci, ya ɗauki littafin makarantar yara, ya maƙale murya kamar ta likita.

"Malam Ɗahiru, ya jikin?"

Ɗahiru ya yi ta mutsu-mutsu da baki. "Da ciwo."

"Madalla. Ci gaba."

"Da ciwo kaɗan. Amma alhamdu lillahi, da sauƙi."

Mode ya jefar da littafin. Suka sake, suka kuma sakewa. Mafi nisan da Ɗahiru ya taɓa kaiwa shi ne ranar da ya ce hannun yakan dame shi in an yi sanyi, nan da nan kuma ya ƙara da cewa ai kowa ma sanyi na damunsa. A rana ta tara Mode ya shiga ya gaishe da Habi, ya ce shi kam ya gaji, a nemi wani malamin.

"Bar shi," in ji ta. "Ni za ni."

Ranar komawa ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da ta ji daddawa da busasshen kifin Goronyo, ta zuba a kula. Ta hana Ɗahiru karyawa, ta ce in likita za ta ɗebi jini gara ya je da ciki wayam. Ya tambaye ta abincin na wa ne, ta ce na hanya.

Dakta Mashkura ta gane shi. Ta dubi Habi da kular da ke cinyarta, ta dawo kansa.

"Malam Ɗahiru, an ce kana da ƙarin bayani. Ya jikin?"

Ɗahiru ya buɗe baki da niyya mai kyau. 

"Da sauƙi."

Habi ta sauke kula a kan teburin likita, kusa da fayil, ta buɗe. Ƙamshin daddawa ya cika ofis. Ta fito da 'yar roba ta zuba ruwa, ta tura gaban mijinta.

"Likita, ki yi haƙuri. Tun sahe bai ci komi ba. Ki ba shi izini shi yi loma guda gabanki."

"Na ƙoshi," in ji Ɗahiru. Cikinsa ya yi ƙugi, duk ofishin aka ji.

Likitar ta ajiye biro. Ta dubi hannun, ta dubi tuwon, ta jingina da kujera.

"Bismilla, Malam Ɗahiru. Ba ma sauri."

Ya laluba gefen kular da ido ko an sako cokali. Babu. Ya dubi Habi, ita kuma ta mayar da idonta kan kalandar da ke bango. Ya wanke hannu a hankali, ya kai ga tuwon. Yatsu uku suka yanko, biyun nan suka tsaya a miƙe kamar ba da su ake yi ba. Ya yi ƙoƙarin murza lomar, ta tarwatse a tafinsa. Ya sake yankowa, ya kai ta miya da ƙyar, ya ɗago. Tana rabin hanya ta suɓuce, ta faɗa a kan fayil ɗinsa, daidai wurin da aka rubuta sunansa, miya ta fantsama.

 Ɗahiru ya daɗe yana kallon lomar. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa sosai, kuma bai ɗago kai ba.

"Wata huɗu ke nan da cokali nikai. Mazagin wando ita ka ɗaure man kullum da sahe. Maɓallin riga haka. Carbi da hagu nika ja. In mutum ya ba ni hannu, sai in ba shi tahin hannu kawai, shi ɗauka wulaƙanci na. In dare ya yi kuma shina zugi har ga kahwaɗa." Ya ɗan tsaya. "Buhun da nic ce ina ɗauka, ban iyawa."

Dakta Mashkura ta share miyar da auduga, ta yi rubutu mai tsawo, ta juya shafi ta ci gaba. Sannan ta kawo wani abin awo ta sa ya matsa da dama, ya matsa da hagu, ta rubuta. Da ta gama ta buɗe aljihun tebur ta fito da cokalin shayinta ta miƙa masa, ta ce ya ci abincinsa kada ya huce. Ta kuma tambayi Habi a ina take sayen daddawa.

A mota Ɗahiru bai yi wa matarsa magana ba har suka wuce Achida. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ashe ba a ɗibar jini." Ta ce ita ma ta yi mamaki.

Takarda ta biyu da ta zo, Malam Abdulƙadiri da kansa ya ce ya daɗe bai ga an ɗaga diyya haka ba. Saura zaɓi. Mode ya ce a karɓa a dunƙule a sayi babura uku, shi zai kula da su. Habi ta fi son na wata-wata, don abin da ya shigo gida gaba ɗaya, 'yan'uwa ma gaba ɗaya suke shigowa. Ɗahiru ya saurare su duka, sannan ya yi tambaya guda.

"In na ɗauki na wata-wata, shi ke nan?"

"Kusan haka," in ji Malam Abdulƙadiri. "Sai dai duk shekara za ka koma gaban likita ta sake duba ka, ta yi maka tambayoyi."

"Kawo ta dunƙule."

Jami'in ya tuna masa cewa in ya sa hannu babu dawowa, ko da hannun ya ƙara lalacewa nan gaba. Ɗahiru ya ce ya ji. Aka buɗe tawadar dangwale, yatsan dama ya ƙi kwanciya a kan takarda, aka yi da na hagu.

Babura ba su samu shiga ba. Ya sayi fili a fadamar Taloka da injin ban-ruwa, ya koyi ja masa igiya da hagu. Habi ta ce tun da an ƙi shawararta, a yanka mata fangali shida a gefen filin, ta sa aka dasa mata attaruhu. Shi ya zuba albasa a sauran. Shekarar farko albasa ta yi kyau a ko'ina, daga Goronyo har Rabah, ta cika kasuwa ta faɗi warwas, attaruhu kuwa ya yi tsada. Da rani ya zagayo, Habi ta nemi a ƙara mata fangali shida. Ɗahiru ya yi kwana uku yana nazari, ya ba ta huɗu.